Musun majalisa ya shiga tsakanina da yayan wadda zan aura

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Argungu ne, shekarata 31, ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Muna da majalisa kusa da teburin wani mai shayi, inda mukan zauna bayan sallar isha'i mu kamar goma, kuma da wuya dare ya wuce ba mu yi musu ba: yau tarihi, gobe ƙabalu da sadalu, jibi ƙaddara da zaɓin ɗan Adam. Babban abokin musuna aminina ne tun muna makarantar kwana, mutumin Gwandu, kuma ƙanwarsa nake nema, har manyana sun kai gaisuwa. Makonni uku da suka wuce aka ɗauko zancen Banza Bakwai, zance ya gangaro kan cin Birnin Kabi. Ya ce an yaƙi kakanninmu ne don ba su da addini. Raina ya ɓaci, na ce jihadin Shehu Usmanu ma neman mulki ne kawai, kuma su baƙi ne da kiwo ya kawo. Ya ce mai faɗin haka sai ya sake kalmar shahada. Wani ya naɗi maganata a waya, ban da tasa, ya tura zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Tun ranar ba mu gaisa ba, ita ma yarinyar ta rage amsa kirana. A ganina shi ya fara. Ni zan ba shi haƙuri? Kuma in daina zuwa majalisar?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ka ƙirga makonnin, domin mutum ba ya lissafa kwanakin gaba da wanda bai damu da shi ba. Amsata a taƙaice ita ce ka je ka ba shi haƙuri, kai za ka fara, kuma kada ka bar majalisar. Amma da yake kai malamin makaranta ne, wanda ya saba neman dalili kafin ya yarda, ba zan bar ka da umarni tsurarsa ba. Zan fara da tarihin da kuka yi faɗa a kansa, domin ina ganin ku biyun kun yi masa rashin adalci, kuma idan ka gane inda taka maganar ta karkace, ƙafarka za ta fi sauƙin ɗauka zuwa ƙofar gidansu.

Maganar amininka cewa Kabawa ba su da addini ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Musulunci ya daɗe a wannan ƙasa kafin hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma Shehu da kansa ya yi yawon wa'azi a ƙasar Kabi, ya kuma zauna a Zamfara kimanin shekara biyar yana karantarwa. Abin da shugabannin jihadi suka tuhumi sarakunan Hausa da shi shi ne gauraya addini da al'adun da suka saɓa masa, da zalunci a shari'a da haraji, da kuma ɗaukar makami a kan jama'ar Shehu. Ko waɗannan laifuffuka sun kai a yaƙi sarki Musulmi, wannan tambaya ce da malaman wancan zamani suka yi saɓani a kanta tun ƙurar yaƙin ba ta kwanta ba. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙu yana cewa saɓo da munanan al'adu ba sa mayar da Musulmi kafiri, kuma babu ƙasar da ta kuɓuta daga gare su. Muhammadu Bello ya mayar masa da amsa cewa abin da ya sa aka yaƙi Borno shi ne taimakon da ta bai wa sarakunan da suke yaƙar jama'a. Abin da nake so ka riƙe daga wannan labari shi ne, Bello ya kwafi hujjojin abokin jayayyarsa ya sa a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, har ga shi yau muna iya karanta ɓangarorin biyu mu auna. Mutanen da rundunoninsu ke fafatawa a fagen daga sun adana wa juna magana cikakkiya, amma wanda ya zauna da ku a benci ɗaya ya yanke rabin zance ya watsa. Zan dawo kansa.

Taka maganar kuwa kalma ɗaya ce ta ɓata rabinta, wato “kawai”. Babu mai karatun tarihi da zai ce son duniya bai shiga cikin rundunar jihadi ba, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan haka shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mutumin da ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi a 1805, wanda kuma kabarinsa yake garin su amininka. Ya ga wasu sun mayar da hankali ga dawaki da tufafi da sarauta, abin ya ishe shi, har ya bar jama'a ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. A Kano mutane suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya dawo. To, da ka ce son mulki ya shiga cikin tafiyar, da Abdullahin Gwandu ne shaidarka ta farko. Amma da ka ce babu komai a cikinta sai neman mulki, ka shafe mutum irinsa, wanda ya juya wa mulkin baya lokacin da yake a tafin hannunsa, ka kuma shafe shekaru kusan talatin da Shehu ya yi yana wa'azi da rubutu kafin a zare takobi.

Ɗaya rabin, wato gorin baƙunta, ya fi muni, kuma tarihi ma bai goyi bayanka ba. Kakannin Shehu sun zauna a yankin Ƙonni ƙarnoni kafin a haife shi a 1754. Yaƙin kuma bai rabu gida biyu bisa ƙabila ba, kamar yadda ake ba da shi a bakin teburin shayi. Malam Abdussalami, wanda harin da Gobir ta kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar, Ba'are ne, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega. Usman Masa, ɗan gidan sarautar Kabi, yana tare da jama'ar Shehu lokacin da aka ci birnin, shi aka naɗa bayan Sarki Muhammadu Hodi ya fice, ko da yake daga baya ya juya. Akwai kuma Fulanin da suka yi yaƙi a ɓangaren Gobir. Duk wanda ya zauna a Kebbi ya san yadda auratayya ta shekara ɗari biyu ta cakuɗa gidaje, har idan aka bi salsalar mutane goman da ke majalisarku, zai yi wuya a sami wanda jininsa ya tsaya a ɓangare ɗaya.

Ban faɗi wannan don in rage maka alfahari da asalinka ba. Bakabe yana da abin tinƙaho wanda ba ya bukatar ya taka kowa kafin ya faɗe shi. Kanta ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame, wadda ganuwarta ta duwatsu take nan har yau, kuma sunan Banza Bakwai, wanda ya fito daga labarin Bayajidda, bai rage wa wannan daula ko taƙi ba. Bayan faɗuwar birnin Kabawa ba su miƙa wuya ba. Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta a 1849, kuma Argungu ta riƙe kanta har zuwan Turawa. Sai dai ka duba yadda waɗanda suka zubar da jinin suka ƙare zancen. A 1867 an ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, aka sami shekaru ana noma ana fatauci. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka yi masa kamun kifi don girmamawa, kuma daga wannan ziyara ne bikin Matan Fada da kake alfahari da shi ya ɗauki siffar da duniya ta san shi da ita. Ina jin nauyin a ce jikoki su buɗe ciwon da kakanni suka ɗinke da hannunsu, kuma a dalilin hira.

Yanzu ga maganar amininka ta sake shahada. Ba zan ɓoye maka ba, ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa a wannan dare. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa idan mutum ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar takan koma kan ɗayansu. Muguwar fahimta ga jihadin Shehu kuskure ne a tarihi da rashin ladabi ga bayin Allah, amma ba ta fitar da mai sallah daga Musulunci. Shehun da yake karewa ma ya sha fama da irin wannan gaggawa a zamaninsa. Ya yi rubuce-rubuce da dama yana raddi ga ɗaliban tauhidi waɗanda suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin kalam ba, ya kuma saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, alhali bai daina girmama shi da ambaton falalarsa ba. Na gaya maka wannan don zuciyarka ta natsu game da imaninka. Ban ba ka shi don ka ɗauka ka je ka buga masa ba. Wannan kuskurensa ne, kuma in Allah ya so shi zai gano shi da kansa, sau da yawa ma a daidai lokacin da ya ga ka zo ba da niyyar cin nasara ba.

Za ka ce, to tunda tasa ta fi nauyi kuma shi ya fara, don me ni zan je? Dalilin farko shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Bai ce sai an binciko wanda ya fara laifi ba, ku kuwa kun ninka wa'adin sau bakwai. Dalili na biyu ya shafe ka kai kaɗai. Maganarsa a kanka ta tsaya, amma taka ta haɗa da mahaifinsa da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, kuma taka ce ke yawo a wayoyin mutane. Ka sa kanka a matsayin yarinyar, wadda ta ji muryar mai neman aurenta yana kiran gidansu baƙi, ka ga ko rage amsa waya bai zama sauƙin hali daga gare ta ba. Idan Allah ya ƙulla wannan aure, mutumin nan shi ne kawun 'ya'yanka, kuma jinin da ka goranta shi ne rabin jininsu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, yayan matarka ne.

Ka je gidansu da ƙafarka, kada ka aika saƙon waya, kada kuma ka tare shi a majalisa inda idanun mutane za su sa kowannenku ya ƙi sassautowa. Bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da isha'i ya fi, lokacin da gida yake shiru. Ka gaya masa cewa abin da ka faɗa game da asalinsu ba daidai ba ne, kuma ka yi nadama, kuma amincinku ya fi maka wannan zance. Daga nan ka yi shiru. Wurin da masu ba da haƙuri suka fi faɗuwa shi ne kalmar “amma”, domin da zarar ka ce amma kai ma ka ce kaza, ka mayar da zuwan naka zagaye na biyu na musun. Idan shi ya ɗauko zancen 1805, ka ce masa ba shi ya kawo ka ba yau. Kada ka sa yarinyar ta zama 'yar aike tsakaninku, wannan nauyi ne da bai kamata a ɗora mata ba. Idan kuma ka ji alamar maganar ta kai kunnen mahaifinsu, to ta wuce ku, sai ka sanar da baffanka ko wanda ya jagoranci kai gaisuwa, su manya su san yadda za su taɓa zancen a tsakaninsu.

Shi kuwa wanda ya naɗi muryarka, ka same shi shi kaɗai ka gaya masa cewa zama amana ne, kuma abin da ya yi annamimanci ne ko da da sunan wasa ya yi shi. Ka nemi ya goge. Sannan a wannan zauren da aka watsa maganar, ka rubuta layi biyu ko uku da sunanka cewa ka faɗi magana cikin fushi, ba daidai ba ce, ka janye ta. Abin da aka ɓata a bainar jama'a ba ya gyaruwa duka a cikin zaure.

Game da barin majalisa, ban goyi baya ba, kuma ina da dalili daga rayuwata. A farkon shekarun 1980, lokacin da zancen Izala da ɗariƙa ya yi zafi bayan kafa ƙungiyar a Jos a 1978, na yi shekara biyu ba na gaisawa da wani abokina da muka tashi tare, a kan inda ake ajiye hannu a sallah. Na ƙaurace wa dakalin da muke zama, ina ganin na tsare addinina. Abin da ya faru shi ne na koma zama da waɗanda ra'ayinmu ɗaya kaɗai, kullum muna ƙara wa juna zafi, babu mai ce mana a'a. A wurin jana'izar mahaifiyarsa muka shirya, kuma har yau ina jin ciwon cewa ban je duba ta ba tana jinya, matar da na ci tuwonta ba adadi. Daga baya da na zauna gaban malami na karanta, sai na tarar ƙabalu da sadalu duka suna cikin littattafan mazhabar Malikiyya, malamai sun daɗe da sanin saɓanin, kuma babu wanda ya ce sallar ɗaya ta ɓaci.

Saboda haka ka koma, amma ka koma da ido a buɗe. Majalisa irin taku makaranta ce, kuma gara matasa su kwana suna jayayya a kan Kanta da Askiya sarkin Songhai da su kwana a kan abin da ba shi da amfani. Illarta ita ce ana zuba tambayoyi iri dabam-dabam a ƙwarya ɗaya ana dama su da murya. Tambayar tarihi tana da magani mai sauƙi, wato a tambayi mai magana a ina ya gani, kuma wa ya rubuta, kuma yana wane ɓangare lokacin da ya rubuta. Kuna da gidan tarihi na Kanta a Argungu, ga Gwandu kusa da ku, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Wanda ya taka ya gani, muryarsa takan sauka da kanta. Tambayar hukuncin addini kuwa ba a yanke ta da rinjayen baki. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da “ban sani ba”, shi da ake yi wa tafiyar watanni don a tambaye shi. Idan irin wannan ta taso, ku rubuta ta, ɗayanku ya kai wa malamin da kuka yarda da iliminsa, ya dawo muku da amsa da hujjarta. Zancen ƙaddara shi ne wanda zan ce ku taka a hankali ƙwarai, domin an ruwaito cewa Annabi ya fito ya tarar da sahabbai suna jayayya a kanta, ya yi fushi har fuskarsa ta yi ja. Yin tunani a kan zaɓin ɗan Adam ba laifi ba ne, manyan malamai sun yi, amma sun yi shi da karatu da natsuwa, ba da ƙarfe sha ɗaya na dare ana jiran a ga wanda zai kā da wani ba.

Akwai alama guda da nake so ka riƙa saurare, domin ita ce ta kā da ku a wancan dare. Muddin ana cewa Shehu ya rubuta kaza, Kanta ya yi kaza, to ana tattaunawa. Da zarar ka ji zance ya koma “ku” da “mu”, ku ne kuka yi, mu ne aka yi wa, to an bar tarihi an shiga gori, kuma daga nan babu hujjar da za ta ƙara shiga kunnen kowa. A wannan gaɓa mutum yakan daina sauraro, yana haɗa amsarsa tun abokinsa bai rufe baki ba, idonsa kuma yana kan 'yan kallo. Imamu Gazali ya kwatanta mai muhawara ta gaskiya da wanda dabbarsa ta ɓata yana nema, bai damu ba ko shi ya gan ta ko abokin tafiyarsa, zai ma gode wa wanda ya nuna masa. Idan ka ji a ranka cewa ba za ka iya gode masa ba in ya fi ka gaskiya, ka ɗauki kofin shayinka ka yi shiru, ko ka yi sallama ka tafi gida. Abu Dawuda ya ruwaito alkawarin gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ne mai gaskiya. Ka kuma roƙi babban cikinku ya kafa sharaɗi cewa ba a naɗar muryar kowa a zaman, kuma ba a taɓa asalin mutum ko imaninsa.

Mai yiwuwa ne zuwanka na farko ya tarbe ka da sanyi, ya amsa sallama a taƙaice, ya ce ba komai alhali da komai. Kada wannan ya sa ka ce ai na yi nawa. Ka ci gaba da gaishe shi duk inda kuka haɗu, ka ba shi mako guda ko biyu, domin shi ma yana da maganar da zai haɗiye, kuma tasa ta fi taka wuyar haɗiya. Idan zuciya ta sauka, ka nemi ya kai ka Gwandu ku ziyarci hubbaren Malam Abdullahi, kai kuma ka kai shi Argungu ku shiga gidan tarihi tare, kowa ya yi wa ɗan'uwansa jagora a garinsu. Amma wannan na gaba ne. Abin da ke gabanka yanzu shi ne ƙofar gidansu, kuma ina so ka isa can kafin Juma'a mai zuwa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a neman auren.